Yadda nake auna sitak ɗin kanel na Linux kafin ya yi ambaliya

Kowane zare (thread, wato layin aiki guda na manhaja) da manhaja ke gudanarwa a Linux yana da sitak biyu, wato filin ma'adana (memory) da fankshan ke ajiye bayanansu na wucin gadi. Na farko shi ne na ɓangaren mai amfani, wanda a yawancin injuna ake barinsa ya kai 8 MB, kuma yana girma gwargwadon buƙata. Na biyu shi ne wanda zaren ke hawa da zarar ya shiga cikin kanel, wato zuciyar Linux mai kula da na'urorin inji, shi kuwa ƙarami ne ƙwarai kuma ba ya girma: 16 KB a x86_64 da arm64, 8 KB a ARM mai bit 32. Duk fankshan ɗin da aka kira a kanel yana yankar rabonsa, wanda ake kira firam, daga wannan ɗan fili, ya ajiye adireshin komawa da rajistocin da zai taɓa da ƙananan bayanansa, kuma ba ya sakin rabon sai ya dawo. In kira ya hau kan kira har filin ya ƙare, shi ke nan.

Yawancin aikina a kan ƙananan allunan ARM ne, irin waɗanda masu ƙera guntu ke kawowa da tsohon kanel da suka yi wa faci iri-iri. A can 8 KB ɗin nan ba wasa ba ne. A tsofaffin kanel bayanan zaren, wato `thread_info`, suna kwance ne a gindin sitak ɗin, saboda haka ambaliya ba ta zuwa da sallama. Takan tattake bayanan zaren, ko ta shiga shafin maƙwabci ta ɓata abin da ke ciki, injin ya ci gaba da tafiya kamar lafiya lau, sai can daga baya ya faɗi a wani wuri da babu ruwansa da laifin. Kana iya ɓata kwana da kwanaki kana tuhumar direban na'ura (manhajar da ke sarrafa ta) da bai ci ba bai sha ba.

A Linux 4.9, ƙarshen 2016, Andy Lutomirski ya shigo da `CONFIG_VMAP_STACK` a x86_64: ana ɗora sitak a yankin vmalloc, a bar shafin gadi da ba a taswirta ba a gefensa, duk wanda ya taka shi injin ya yi ihu nan take. arm64 ya samu a 4.14, ARM mai bit 32 kuwa sai 5.18. Wannan ya sa faɗuwar ta zama mai faɗin gaskiya, amma bai hana ta ba. Aunawa tun da wuri shi ne abin yi.

Fara da sanin abin da ke hannunka:

```
grep -E 'STACK_TRACER|DEBUG_STACK_USAGE|VMAP_STACK|SCHED_STACK_END_CHECK|FRAME_WARN|KASAN' /boot/config-$(uname -r)
```

A kan allo wanda ba shi da wannan fayil, gwada `zcat /proc/config.gz`. Ka lura da KASAN musamman, wato mai kama kurakuran amfani da ma'adana a kanel. In yana kunne, a x86_64 sitak ɗin ya ninka zuwa 32 KB, firam ɗin fankshan-fankshan ma sun kumbura, don haka duk lambar da ka samo a irin wannan kanel ba ta gaya maka komai game da wanda za ka tura wa mutane.

Abin da kwamfaila ke iya faɗa maka

Mafi arha shi ne gargaɗin da ke fitowa lokacin haɗa kanel. `CONFIG_FRAME_WARN` yana sa kwamfaila, manhajar da ke haɗa kanel ɗin, ya yi ƙorafi in firam ɗin fankshan ɗaya ya wuce iyaka, wadda bisa al'ada bayit 2048 ce a injin bit 64, 1024 a na bit 32. Ni nakan sauke ta zuwa 512 in ina haɗa direbana kaɗai, ba don komai ba sai don in ga su waye manya. Na sha ganin kanel ɗin masu ƙera guntu da aka ɗaga wannan iyakar don gargaɗin ya yi shiru. In ka ci karo da lambar da ta fi ta asali a cikin saitin da aka ba ka, ka san akwai abin da aka rufe.

Sai `checkstack.pl`, wanda ke karanta lambar injin da aka riga aka haɗa ya jera fankshan daga mai babban firam zuwa ƙarami:

```
objdump -d vmlinux | scripts/checkstack.pl x86_64 | head -30
```

`make checkstack` ma yana yin hakan, har da modul. In allon ARM ne, yi amfani da objdump na kayan haɗa ARM ɗin, ka kuma sauya sunan injin zuwa `arm`.

Wanda na fi so a wannan rukuni shi ne `scripts/stackusage` da ɗan'uwansa `scripts/stackdelta`, waɗanda Rasmus Villemoes ya rubuta. Na farkon yana kunna `-fstack-usage` na GCC, ya tattara lissafin da kwamfaila da kansa ya yi wa kowane fankshan. Na biyun yana kwatanta sakamako biyu. Zan dawo kansu.

Duk waɗannan suna da makanta guda: kowane fankshan suke aunawa shi kaɗai. Ba su san wa ke kiran wa ba, kuma a kanel, inda rabin kira ke bi ta manunin fankshan da ba a sanin inda zai nufa sai lokacin gudu, babu kayan aikin da zai iya zana maka hanyar daga kallon rubutun manhajar kawai. Abin da ya faru a 2014 ya isa misali. Minchan Kim ya kawo rahoton ambaliyar sitak a x86_64, lokacin yana 8 KB. Babu wani ƙaton fankshan guda da za a nuna wa yatsa. Neman shafin ma'adana ne ya tarar babu, ya shiga ƙwato shafuka, ƙwatowar ta kai ga rubutu zuwa swap (filin faifai da ke karɓar rarar ma'adana), rubutun ya gangara sashen bulok mai kula da faifai, ya isa direban virtio, shi kuma ya sake neman ma'adana. Fankshan da dama ne, kowanne da ɗan rabonsa mai kama da hankali, suka taru suka cinye filin. Ƙarshenta a Linux 3.15 aka mayar da sitak ɗin 16 KB. Rahoton da ya kawo wannan sauyi kuwa daga mai bibiyar sitak na ftrace, kayan bibiyar kira na cikin kanel, ya fito.

Mai bibiyar sitak na ftrace

Steven Rostedt ne ya rubuta shi, yana cikin kanel tun 2.6.28, kuma `CONFIG_STACK_TRACER` ne ke kawo shi. Aikinsa mai sauƙin fahimta ne. A bakin ƙofar kowane fankshan yana duba inda manunin sitak ya kai. In zurfin ya wuce mafi girman da ya taɓa gani, sai ya ɗauki dukan jerin kiran ya adana, ya shafe na baya.

```
cd /sys/kernel/tracing
echo 0 > stack_max_size
echo 1 > /proc/sys/kernel/stack_tracer_enabled
# a nan za ka ɗora wa injin kaya
echo 0 > /proc/sys/kernel/stack_tracer_enabled
cat stack_max_size
cat stack_trace
```

A kanel da ya girmi 4.1 za ka same su a `/sys/kernel/debug/tracing`. In kana son ya fara tun lokacin tashin inji, ƙara `stacktrace` a layin umarnin kanel. Masu `trace-cmd` suna iya yin `trace-cmd stack --start`, da `--stop`, da `--reset`.

Ga siffar abin da zai fito. Ni na tsara wannan don koyarwa, kuma na yanke shi:

```
        Depth    Size   Location
        -----    ----   --------
  0)     5904      64   kmem_cache_alloc
  1)     5840    1312   gwaji_tura_umarni [gwaji]
  2)     4528     208   gwaji_queue_rq [gwaji]
  3)     4320     176   blk_mq_dispatch_rq_list
  ...
```

Layi na 0 shi ne wuri mafi zurfi, layin ƙarshe na jerin kuwa shi ne inda aka shigo kanel, ko ta kiran tsari (system call) ko ta kuskuren shafi (page fault). `Depth` a teburin jimillar zurfin ne a wannan matakin, `Size` kuma abin da fankshan ɗin shi kaɗai ya ci. Ka debe ɗaya daga ɗaya za ka ga sun yi daidai: 5840 ban da 1312 ya ba da 4528.

Ina karanta shi sau biyu. Karon farko idona na kan lambobin girma, ina neman duk wanda ya wuce ɗari huɗu ko biyar. A misalin nan `gwaji_tura_umarni` ya tona kansa, tabbas akwai wata babbar bafa (buffer) ko wani `struct` da aka ajiye a sitak. Karo na biyu nakan fara daga ƙasa in hau sama ina karanta sunayen kamar labari: wa ya shigo, me ya nema, ina aka ratse. Wannan karatu na biyu shi ne mai amfanin, domin a nan ne za ka ga inda hanya ta tsallaka daga wani sashe zuwa wani, daga tsarin fayil zuwa ƙwato ma'adana, daga can zuwa bulok, daga bulok zuwa hanyar sadarwa. Kowace tsallakawa tana nufin wani sabon jerin kira ya hau kan wanda bai san da zuwansa ba.

In ka ga fankshan ɗin da ka san ƙarami ne amma an rubuta masa bayit ɗari takwas, kar ka yi mamaki. Kwamfaila ya narkar da wasu fankshan a cikinsa, firam ɗinsu ya zama nasa, sunayensu kuma sun ɓace daga jerin.

Akwai abubuwan da wannan mai bibiya ba ya gani, kuma gara ka san su. A x86, inda GCC ke amfani da `-mfentry`, ana yin duban ne kafin fankshan ya shimfiɗa firam ɗinsa. Saboda haka fankshan na ƙarshe a jerin, wanda ba ya kiran kowa, ba a lissafa rabonsa. In shi ne mai bafar 2 KB, ba za ka gan ta a nan ba, sai `checkstack.pl` ya nuna maka. Haka nan ba ya ganin fankshan da aka yi wa alamar `notrace`, ba ya ganin lambar asambili, kuma sitak ɗin zare kaɗai yake aunawa. A x86_64 katsalandan na na'urori (interrupt, inda na'ura ke katse CPU) yana da nasa sitak daban a kowane CPU, to wannan ba ya cikin lissafi. Abin da katsalandan ke ci a sitak ɗin zaren shi ne rajistocin da ake zubawa kafin a sauya, bayit 168 da ɗan abin da ya biyo baya.

A ARM mai bit 32 kafin 5.18 labarin ya fi muni: babu sitak na katsalandan daban, a kan na zaren da aka tarar yake sauka. Wato mafi munin yanayi shi ne mafi zurfin kiran tsari, a ɗora masa mafi zurfin katsalandan, kuma haɗuwarsu sa'a ce ko rashinta. Kana iya gwaji na tsawon yini ba su haɗu ba, su haɗu a hannun mai saye. A irin waɗannan alluna nakan auna biyun daban-daban in haɗa da kaina, ba na jiran sai mai bibiya ya kama su tare.

Matsala ta gaba ita ce, hanya ɗaya tak yake riƙewa, mafi zurfi. In wani abu da ba naka ba ya kafa babbar lamba, naka ba zai taɓa fitowa ba. Maganin shi ne tacewa:

```
echo 'gwaji_*' > stack_trace_filter
echo 0 > stack_max_size
```

Tacewar ba ta rage abin da za a nuna maka, jerin kiran zai fito cikakke. Abin da take yi shi ne taƙaita wuraren da ake tsayawa a duba. Amma ka lura, in a fankshan ɗinka kaɗai ake dubawa, ba za a ga zurfin abin da su suka kira a ƙarƙashinsu ba. Don haka nakan yi zagaye biyu, ɗaya da tacewa don in san a wane zurfi ake isowa direbana, ɗaya ba tacewa don in ga gindin ramin. Lambar farko ita ce ta fi shafar mai rubuta direba: in ana iso ka an riga an ci 5 KB cikin 8, ka san abin da ya rage maka. Tacewar kuma tana rage nauyi, domin in babu ita kowane kiran fankshan a kanel sai ya biya harajin duban nan, kuma injin zai yi sanyin da za ka ji a jikinka. Ban ba ka shawarar barinsa kunne a sabar da mutane ke aiki a kanta ba.

Kayan da za ka ɗora

A nan yawancin awo ke lalacewa. Mutum ya kunna mai bibiya a injin da ke zaune ba ya komai, ya ga 3 KB, ya rubuta cewa lafiya lau. Hanyoyi masu zurfi ba sa fitowa sai injin ya shiga ƙunci. Ka takura masa ma'adana, ko da `mem=` a layin tashi ko da `memory.max` na cgroup, ka kunna swap, ka saki `stress-ng --vm` tare da `fio` a lokaci guda, don neman ma'adana ya riƙa faɗawa cikin ƙwatowa kai tsaye. Ka gina hawa-hawan ajiya irin wanda za a yi amfani da shi a zahiri: tsarin fayil a kan dm-crypt, a kan LVM, a kan RAID, ko fayil ɗin loop a kan NFS. Ka cika faifan har ya kusa ƙarewa. Ka zare kebul ana tsakiyar rubutu, domin hanyoyin kuskure, da `printk` ɗinsu da sake gwadawarsu, sukan fi hanyar lafiya zurfi, kuma su ne ba a cika gwadawa ba.

Wani ƙaramin abu da kan rikita mutane: tun 5.13 akwai `randomize_kstack_offset`, wanda don tsaro yake tura manunin sitak da wani adadi na kacici-kacici, har kusan 1 KB, a duk shigowar kiran tsari. In yana kunne, gwaji iri ɗaya zai riƙa ba ka lambobi mabambanta. Lokacin kwatanta faci da faci nakan kashe shi da `randomize_kstack_offset=off`, amma lokacin yanke hukuncin ko filin ya isa sai in mayar da shi yadda zai kasance a hannun mutane.

Alamar da ruwa ya bari

`CONFIG_DEBUG_STACK_USAGE` wata dabara ce daban, kuma kusan kyauta ce. Ana ba zare sitak wanda aka share da sifili. Daga baya sai a fara daga gindi a hau, ana neman wuri na farko da ba sifili ba. Kamar dai shatin da ruwa ke bari a jikin bango bayan ya janye: ba ka ga lokacin da ya hau ba, amma ka san iya inda ya kai. Duk lokacin da wani zare ya fita ya kuma karya tarihin da aka kafa, za ka ga layi a `dmesg`:

```
dmesg | grep 'greatest stack depth'
```

Lambar da ke layin abin da ya rage ne, ba abin da aka ci ba, don haka ƙaramar lamba ita ce abin tsoro. Fa'idarsa a kan ftrace ita ce yana kama kowa, da fankshan na ƙarshe, da asambili, da katsalandan ɗin da ya sauka a kan zaren. Rauninsa kuwa, ba ya faɗa maka hanyar da aka bi, kuma in fankshan ya ware babbar bafa bai rubuta komai a cikinta ba, ko ya rubuta sifili, shatin ba zai nuna ba.

Sannan sai zare ya mutu ake duba shi. `kswapd`, mai ƙwato ma'adana, da sauran zaren kanel da ke rayuwa har a kashe inji ba za su taɓa bayyana a wannan layin ba, alhali su ne ke bin hanyoyi masu zurfi. Su sai ka tambaye su da ransu:

```
echo t > /proc/sysrq-trigger
dmesg | grep 'stack:'
```

Kowane zare zai fito da filin da bai taɓa takawa ba. In ka ga `stack:0` a kowane layi, kar gabanka ya faɗi, alama ce kawai cewa ba a kunna zaɓin a wannan kanel ba. A injin da ke da zare da yawa fitarwar takan cika ma'ajiyar saƙonni ta ture na farko, sai ka ƙara `log_buf_len=4M` a layin tashi. Daga 6.12 kuma, da wannan zaɓin a kunne, `/proc/vmstat` yana da ƙididdiga irin su `kstack_4k` da `kstack_8k` da `kstack_16k`, aikin Pasha Tatashin, masu nuna yawan zaren da suka fita a kowane matakin zurfi.

Kar ka haɗa wannan da layin `KernelStack` na `/proc/meminfo`. Shi jimillar ma'adanar da aka ware wa sitak ɗin duk zare yake faɗa, ko an taka ko ba a taka ba. Zare 10,000 a 16 KB kowanne sun kama kusan 156 MB. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ƙara girman sitak da an ga dama, kuma shi ya sa ba na yarda da mai cewa a ninka `THREAD_SIZE`, wato girman sitak ɗin, a huta, musamman a allon da duk RAM ɗinsa 128 MB ne.

A nawa ma'aunin, in bayan gwaji mai tsanani abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na sitak ɗin ba, ban ɗauki aikin a matsayin gamamme ba. Wannan ra'ayina ne, ba doka ba ce ta kanel. Dalilina shi ne duk iya ƙoƙarina, gwajina bai kai munin abin da duniya za ta yi wa injin ba.

Gyaran kansa yawanci ba shi da wuya. Babbar bafa ta bar sitak ta koma `kmalloc`, ko a ware ta sau ɗaya cikin tsarin na'urar. `char suna[PATH_MAX]` bayit 4096 ne, rabin sitak ɗin ARM cur. `struct cpumask` a kanel da aka haɗa da `NR_CPUS=8192` bayit 1024 ne, shi ya sa aka yi `cpumask_var_t`. Bafar da za a miƙa wa DMA, inda na'ura ke taɓa ma'adana kai tsaye, kuwa tun asali ba ta da hurumi a sitak, kuma da `VMAP_STACK` direbobin USB da yawa da ke yin haka sun daina aiki sai da aka gyara su. Jerin bayanai (array) mai girman da ba a sani ba sai lokacin gudu an kore shi daga kanel gaba ɗaya a 4.20, amma tsofaffin direbobin da ba su shiga babban reshe ba har yanzu suna ɗauke da shi. Inda narkarwar kwamfaila ce ta tara firam uku wuri guda alhali ba a buƙatarsu lokaci ɗaya, sa wa ƙananan `noinline_for_stack`. Inda kuwa zurfin hanyar ne kanta, sai a yanke ta, a miƙa ragowar aikin ga workqueue, wato wani zaren kanel mai karɓar ayyuka, ya fara a sabon sitak. Tsarin fayil na XFS ya yi haka da wani ɓangare na rabon bulok ɗinsa, sashen bulok kuma ya daɗe da mayar da kiran na'ura a kan na'ura ya zama layi ta hanyar `current->bio_list` maimakon kira cikin kira.

Bayan gyara, ga inda `stackdelta` ke shigowa:

```
scripts/stackusage -o kafin.su drivers/gwaji/
# sa facin
scripts/stackusage -o bayan.su drivers/gwaji/
scripts/stackdelta kafin.su bayan.su
```

Zai jera duk fankshan ɗin da firam ɗinsa ya sauya, da adadin ƙari ko ragi. Ka duba da kyau, domin wani lokaci bayit ɗin da ka cire daga wani fankshan sukan ɓulla a wanda ya kira shi. Ka yi kwatancen da kwamfaila iri ɗaya, GCC da Clang ba sa yanke shawarar narkarwa iri guda, ko sigar GCC biyu ma sukan saɓa.

Abu na ƙarshe da nake yi a sabon allo shi ne in jawo ambaliyar da gangan, don in san kamanninta a wannan injin. Da `CONFIG_LKDTM` a kunne, a injin gwaji wanda ba ka damu da faɗuwarsa ba, kuma kebul ɗin siriyal na haɗe:

```
echo EXHAUST_STACK > /sys/kernel/debug/provoke-crash/DIRECT
```

A tsofaffin kanel sunan gwajin `OVERFLOW` ne. x86_64 mai `VMAP_STACK` zai ce an taka shafin gadi, arm64 zai ce babu isasshen sitak. In allonka ya daskare shiru ba saƙo, ko ya sake tashi da kansa, to ba ka da gadi, sai ka kunna `CONFIG_SCHED_STACK_END_CHECK`. Shi yana duba lambar `0x57AC6E9D` da kanel ke ajiyewa a gindin kowane sitak a duk lokacin da za a sauya zare, in ya tarar an taɓa ta ya tsayar da injin a wurin.